Shekarar da Na Toshe Ƙofar Malam Buba

Nasiru, na ga bulon da ka sa aka sauke a ƙofar gida ranar Asabar. Ba su da kyau, yashi ya yi musu yawa, da ka tambaye ni da ban bari an cuce ka ba. Na kuma san abin da ka sayo su dominsa. Kai da Auwalu da Binta kun gaji da ganin giɓin nan na katangar baya, kuna cewa abin kunya ne baƙo ya shigo gidan birkila ya tarar da katanga a fashe shekara da shekaru. Na ji ka kana gaya wa matarka cewa ai Baffa Buba da kansa ya ce a rufe wurin tun yana da rai, rigimar tsufa ce kawai ta sa na hana. Ban tanka maka ba, don in na buɗe baki a kan maganar nan faɗa zan yi, kun san halina. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, kafin ta rasu ta ce in gaya muku gaskiya da bakina. Na kasa. To ga shi da hannuna, ku karanta ku ukun, kada wani ya karanta ya ba wani labari.

Lokacin da na sayi filin nan a Kagarawal, daga nan har bakin kwari gonakin dawa ne. Ni ɗan Katsinawa ne da aikin gini ya kawo mahaifinsa Gombe, ba ni da kowa a wannan gefen. Mutum ɗaya na tarar, Malam Buba, Bafulatanin da annoba ta cinye masa shanu ya dawo gari yana kiwon raguna. Gidansa da nawa baya da baya suke, katanga ɗaya ce ta raba mu, amma ƙofarsa tana kallon gabas, tawa tana kallon yamma. Layinmu kuma ba ya ɓullewa, irin wanda ku yaran yanzu kuke ce wa kulos. Saboda haka in kana son zuwa gidansa ta waje sai ka fita har bakin titi, ka zagaya ta wurin masu faci, ka shigo layinsu, tafiyar kusan kwata ɗin awa don ka gai da mutumin da kake jin tarinsa daga kan gadonka. Shi yana da rijiya, ni na haƙa sau biyu ina cin karo da dutse. Kun san Gombe da ruwa. Wata rana ya ga mahaifiyarku da tsohon cikinka, Nasiru, ta zagayo da bokiti a ka tana haki, sai ya leƙo ta saman katanga ya kira ni.

"Kaɗo, kai wane irin birkila ne? Kana gina wa mutane ƙofofi, matarka tana zagaya duniya don ruwan da yake bayan ɗakinta?"

Kaɗo yake ce mini, haka Fulani ke kiran Bahaushe in suna son tsokana. Ni kuma in ce masa mai raguna. A ranar na fasa katangar, na zuba lintal, wato kankaren saman ƙofa, muka sa ƙyaure na langa-langa wanda ko sakata ba mu taɓa yi masa ba. Shekara ashirin da wani abu ƙofar nan tana buɗe. Ta nan ruwa ke shigo mana, ta nan kwanon tuwo ke fita kullum bayan magariba, ya dawo da safe da kindirmo ko man shanu a ciki. Ta nan matarsa Goggo Dija ta shigo a guje ranar haihuwar Auwalu, ta nan kuma mahaifiyarku ta shiga ta yi wa Goggo Dija wanka ranar da ta rasu. Ɗansu guda, Hamma, a tsakar gidan nan ya koyi tafiya, kuma shi ya koya muku hawan keke. Akwai wani abu kuma da ba ku taɓa lura da shi ba, don ku ba magina ba ne. Gidansa ya ɗan fi nawa tudu, sai na bar rariya a gindin katangar, dab da ƙofar, don ruwansa ya samu hanya. A nan yake tsugunawa ya yi alwala, ruwan ya biyo rariyar ya ratsa gefen tsakar gidanmu ya fita waje.

Sai shekarun nan suka zo. Ba sai na ba ku labarinsu ba, kun gani da idonku. Bam ya tashi a tasha, ya tashi a kasuwa, mutum ya fita neman abinci a dawo da takalminsa. Buhunan yashi a kowace mararraba, mai babur ya sauka ya tura, kowa hannu a sama. Ana shiga masallaci ana laluben aljihu. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne, ni a shekarun nan na fi samun aiki a duk rayuwata. Kowa rufewa yake yi. Makaranta ta kira ni in ƙara wa katanga tsawo, masallaci ya kira ni in toshe ƙofofin gefe a bar guda ɗaya, mai kuɗi ya kira ni in dasa masa fasassun kwalabe, 'yan unguwa su haɗu su ce in datse musu bakin lungu. Shekara talatin ina fitar wa mutane da ƙofa da taga, sai ga shi na wayi gari gwanin toshe su. Har yabona ake yi, ana cewa in Isiyaku ya toshe wuri ko alamar an taɓa yin ƙofa ba za ka gani ba. Kuma wallahi ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye muku ba.

Hamma direban motar haya ne, yana bin hanyar Biu. Direba kuwa ba ya tambayar fasinja abin da ke cikin zuciyarsa. Wata Talata ya fita bai dawo ba. Aka ce an tare motarsa a shinge, an samu wani abu a kayan wani fasinja, an kwashe su gaba ɗaya. Kwana uku bayan nan, da hantsi, motoci biyu suka tsaya a layin su Malam Buba. Ina tsakar gida ina wanke kwanon sarki, wanda muke ɗibar kwaɓi da shi, na ji ana watsi da kaya a can, matar Hamma tana kuka, raguna suna ta ɓarari. Can sai ƙyauren nan ya buɗe da ƙafa. Wani dogo da kaki, fuskarsa a rufe sai ido, ya sunkuyo ya leƙo. Ku biyun kuna zaune a kan tabarma kuna shan koko, Nasiru kana da shekara ashirin da biyu, Auwalu sha tara. Ya dube ku, ya daɗe yana dubanku. Sannan ya juya gare ni.

"Baba, nan da can gida ɗaya ne?"

"Gida biyu ne, ranka ya daɗe."

"To me ya kawo ƙofa?"

Na ce ruwa muke ɗiba. Ya sake dubanku, ya ja ƙyauren ya tafi. Shi ke nan abin da ya faru, ban ƙara ko kalma ba. Amma ni daga ranar ban sake cin abinci ya zauna mini ba. Ina ji a wurin aiki ana cewa in aka kama mutum sai a bi duk wanda ke kusa da shi, abokinsa, wanda ya kira a waya, wanda suke cin abinci tare. Na ɗauki wayata na goge lambar Hamma, na goge ta Malam Buba, wayarsa ma an riga an tafi da ita ranar binciken. Sati bai cika ba surukin Hamma ya zo daga Dukku ya kwashe 'yarsa da jikoki biyu. Mutanen layinsu suka fara ja da baya, in Malam Buba ya shiga sahu a masallaci sai na kusa da shi ya tuna bai ɗaure akuyarsa ba. Da ya gane, bai yi wa kowa ƙorafi ba, ya ce gwiwa ce ta matsa masa, ya koma yin sallarsa a gida.

Ranar da na sayo buhun siminti na ajiye a zaure, mahaifiyarku ta dube shi ta dube ni. Ba ta da yawan magana, amma ba a yi mata wayo.

"Malam, aikin wa ka samu?"

"Aikin gida ne."

"Wallahi ba za ka yi ba."

"Hajara, kin ga idon mutumin nan a kan yaranki ko ba ki gani ba?"

"Na gani. Na kuma ga tsoho shi kaɗai a gida, ba mata, ba ɗa, ba jika. Yau ce ranar da za ka juya masa baya?"

Na daka mata tsawa. Na ce in aka zo aka jefa Nasiru da Auwalu a bayan mota, Malam Buba ne zai dawo mata da su, shi da ya kasa dawo da nasa? Allah ya yafe mini wannan magana, don katangar ba ta da kaurin da za ta tare ta, kuma na san yana tsakar gida. Hawaye suka zubo mata. Can ta ce to ta roƙe ni abu ɗaya, in bar 'yar kafa daidai wucewar kwano. Na ce kafar da kwano zai wuce, za su ce takarda ma ta wuce, harsashi ma ya wuce. Ban bar ko ta shigar yatsa ba.

Na zaɓi ranar da kuka tafi ɗaurin aure Kumo, don kada ku gani. Na cire ƙyauren na jingine, na jera bulo, na zuba siminti da yashi, sai na tsaya kamar wawa. Babu ruwan kwaɓi. Randunanmu duka na sha ne, kuma ruwan gidan nan kaf daga ina yake zuwa? Ina tsaye da shebur a hannu sai na ji ƙarar guga a cikin rijiya. Malam Buba ya fito da bokiti biyu, yana ɗingishi, ya ajiye su a bakin ƙofar ta gefena. Bai dubi fuskata ba, ni ma ban dubi tasa ba.

"Ga ruwa, Kaɗo. In bai isa ba ka yi magana."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara wani dogon bayani, yara ne, zamani ne, in abu ya lafa zan buɗe. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Da ni ne da samari biyu a gida, da tuni na yi. Yi aikinka."

Ya ɗebo mini bokiti shida a ranar. Yana tsaye a gefensa yana miƙo mini bulo ta saman abin da na gina, har ginin ya kai ƙirjinsa, ya kai wuyansa, na daina ganin komai sai hularsa. Kuma ku ji irin mugun halin sana'a, a cikin wannan baƙin cikin ma sai da na yi aikin da kyau. Bulo inci tara na sa, na cika cikinsu da kankare, na yi filasta na goge har ya saje da tsohuwar katanga. Da zan sa na ƙarshe sai ya ce, daga can, in kula kada siminti ya zuba ya toshe rariya. Na ce ba zai toshe ba. Ya ce useko, wato na gode. Mutum ana rufe shi, yana godiya.

Da kuka dawo da yamma, Auwalu ne ya fara gani, ya yi tsalle ya kama saman katanga yana kiran Baffa, Baffa, me ya faru. Ina jin amsar da Malam Buba ya ba shi daga inda nake zaune.

"Ni na ce babanku ya rufe. Ragunan nan sun ishe ku da ɓarna, jiya ma sun cinye wa innarku dusa."

Wannan ita ce maganar da kuka riƙe har yau. Ƙarya ce, ya yi ta ne don kada ku raina ni. Ni kuwa ina zaune na ji, na yi shiru, na bar ta ta zauna. Babu wanda ya sa ni, ba mai unguwa ba, ba masu kaki ba, ba shi ba. Ni na ga dama na yi.

Muka koma sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Mahaifiyarku kuma ba ta daina zuba tuwon mutum ɗaya a gefe ba. Sai ta kife turmi a gindin katanga, ta hau, ta miƙa masa kwano ta sama. Da na gani na sake hawa, na ƙara sahu uku na bulo, na dasa kwalabe, na ce ai kowa ma haka yake yi. Ta koma ƙulla tuwo da miya a leda tana wurgawa ta sama in ta ga na fita, wani lokaci ledar ta kama kwalba ta fashe, miya ta biyo katanga. Ina ganin sawun miyar in kau da kai. Ni kaina sau nawa na zagaya na gaishe shi a watanni bakwai da suka biyo baya? Sau biyu, kuma duka biyun a tsaye a zaure, ina waige. Ya tambaye ni ku, ya tambaye ni aiki, bai taɓa tambayata yaushe zan buɗe ba. Duk Litinin yana sa farar rigarsa ya tafi yawon ofisoshi neman labarin Hamma, ya dawo da yamma ba labari.

Abin da ya rage tsakanina da shi rariya ce. Sau biyar a rana ruwan alwalarsa yana silalowa ta gindin katangar. In na fito da asuba in ga wurin a jiƙe, in ce to, mai raguna ya tashi lafiya. In na dawo da la'asar in ga danshi, hankalina ya kwanta. Da wannan nake lallashin kaina, ina cewa ai ina sane da shi. Ban taɓa gaya wa kowa ina duba wurin ba, ashe mahaifiyarku ma dubawa take yi.

To sai ranar da mutanen dajin nan masu tayar da bam suka shigo gari da rana tsaka. Kun tuna, harbi ta ko'ina, jirgi yana shawagi a sama, kowa ya kwanta a ƙasan ɗaki. Aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. Mahaifiyarku da Binta suna unguwar Madaki wurin ƙanwarta da ba ta da lafiya, dokar ta rutsa da su a can. Mu uku ne a gida. Da asubar ranar rariya a jiƙe take, na gani. Da azahar na duba, a bushe. Na ce harbi ne ya hana shi fitowa, ya yi taimama a ɗaki. La'asar a bushe. Magariba a bushe. Washegari na fito tun kafin ku tashi, na tsuguna na sa hannu a cikin rariyar, ƙura ce kawai. Ragunansa kuma suka fara kuka, ba irin kukan da suke yi in sun ga dusa ba, wani kuka mai tsawo da ba ya yankewa. Auwalu har ka ce, Baba, ragunan Baffa sun cika kuka yau. Na ce maka ƙarar jirgi ce ta firgita su.

Na sani. Kada wani ya ce muku ban sani ba. Mutumin da shekara ashirin bai taɓa barin dabba da ƙishirwa ba, ko da zazzaɓi yake rarrafawa yake yi ya ba su ruwa. Amma ana bi gida-gida a unguwar ana bincike, ina jin ƙarar mota tana tsayawa tana tashi a layinsu. Na ce in na ɗaga murya na kira shi, wani ya ji. In na hau katanga, wani ya gani, ya ce ga gidan da ke hulɗa da gidan. Na je na manna kunne a daidai inda ƙofar take, ban ji komai ba sai raguna. Na kira sunansa sau ɗaya, a hankali, yadda ni kaina da ƙyar na ji. Da ba a amsa ba sai na ce wa raina wataƙila ya samu ya fita tun kafin doka, ya tafi Dukku ganin jikoki. Na koma ɗaki na zauna da wannan ƙaryar yini guda da kwana guda. Na ci abinci a ranar, har da ƙari.

Rana ta uku da safe aka sassauta dokar. Mahaifiyarku ta shigo da sallama, ko mayafi ba ta cire ba, idonta ya sauka a gindin katanga. Ta tsaya. Ta saurari ragunan, waɗanda muryarsu ta riga ta dushe. Ku kuna zaure kuna sauke mata kaya, ba ku ji abin da ta tambaye ni ba.

"Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya da azahar."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta wuce madafa ta ɗauko taɓarya ta fara dukan katangar da iya ƙarfinta, tana kiran Baffan Hamma, Baffan Hamma. Taɓaryar tana dawowa kamar ta doki dutse, ko filastar ba ta tsage ba. Aikina ne, na san abin da na zuba a ciki. Na karɓe ta na ɗauko babbar guduma. Nasiru, kai ka karɓe ni da na gaji, ka tuna. Abin da na gina a rabin yini sai da ya ci mana kusan awa guda kafin mu samu kafar da mutum zai shiga. Ni na fara kutsawa, na ce ku tsaya ku faɗaɗa wurin.

Yana nan kwance a gindin katangar, daidai inda ƙofar take, har ɓaraguzan da muka fasa sun zubo masa a ƙafa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, leɓensa duk ya tsage. Daga sawun da ke ƙasa na gane a bakin rijiya ya faɗi, ya ja jiki ya ja jiki har ya iso nan. Butarsa tana gefe ba ko ɗigo. Sandarsa ta kiwo tana ƙarƙashin hannunsa na hagu, hannun da yake da lafiya. Kwana biyu yana kwance, tsakaninsa da inda na manna kunnena bai fi kamu ɗaya ba. Idonsa a buɗe, ya gane ni. Na ɗago kansa na ɗora a cinyata, ina kuka kamar yaro, ina faɗa kuma, don ni ko a nan sai da na yi faɗa.

"Haba Malam Buba! Haba! Sanda tana hannunka, me ya hana ka buga?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Sai da na kai kunnena bakinsa.

"Akwai mota... a layi."

Ya sake motsa baki.

"Yara?"

"Suna nan. Lafiyarsu ƙalau."

Ya lumshe ido, ya buɗe, ya juya su wajen giɓin da muka fasa, inda hasken gidanmu ke shigowa.

"Ka mayar, Kaɗo. Kafin a gani."

Ta giɓin muka fitar da shi, ta tsakar gidanmu, muka sa shi a keke napep muka kai asibiti. Likita ya ce da an kawo shi a ranar da abin ya same shi da akwai abin da za a gwada. Bai sake magana ba, ya cika ranar Alhamis da hantsi. Waɗanda suka zo jana'izarsa ba su cika sahu biyu ba, mutumin da duk layin nan babu gidan da bai sha ruwan rijiyarsa ba. A maƙabarta, da aka jera itace a kansa, sai wani ya ce a ba birkila wuri ya toshe kafofin da laka, shi ya iya. Na durƙusa na toshe. Ban bar kafa ko ɗaya ba, ƙasa ba ta zubo masa ba.

Hamma bai dawo ba har yau, ba mu san ko yana raye ba. Masu kakin nan kuma ba su sake taka layinmu ba, babu wanda ya taɓa zuwa ya tambayi ƙofa, a buɗe take ko a rufe. Kun girma, kun yi aure, kun haifa. Na sha zama in tambayi kaina ko toshewar ce ta tsare ku, ko kuwa dama babu abin da zai same ku. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne tsoron da na ji gaskiya ne, ba zan ce muku ƙarya ne ba, amma kwana biyun nan ba ni da abin da zan kare kaina da shi, gobe a gaban Allah ma ba ni da shi. Mahaifiyarku ta zauna da ni shekara takwas bayan nan, ta dafa mini, ta yi jinyata, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta kuma taɓa gaya muku ba. Sai dai tun daga ranar ba ta sake ce mini sannu da aiki ba in na dawo daga gini.

Gidan Malam Buba yana nan a kulle ta waje da sunan 'ya'yan Hamma, kakansu na Dukku ya bar mini amanarsa har su girma. Kuna ganina ina shiga ta giɓin da tsintsiya kuna cewa tsoho ya samu abin yi. Shara nake yi, in ja ruwa, in tsuguna inda yake tsugunawa in yi alwalar la'asar. Ruwan ya biyo rariya ya riga ni shigowa gida. Ban sa wa wurin ƙyaure ba, ban gyara bakinsa ba, don ba na son ya yi kyau. Ina son duk wanda ya shigo ya tambaya, ni kuma in ji kunya.

Saboda haka, Nasiru, ka kira mai bulo ya zo ya kwashe kayansa. Ranar da kuka dawo daga binne ni, gida naku ne, ku yi yadda kuka ga dama. Amma kada in sake jin ɗayanku ya ce Baffa Buba ne ya ce a rufe don raguna. Sau ɗaya tak ya taɓa cewa a rufe, yana kwance a ƙasa da rabin baki, kwana biyu bai sha ruwa ba, kuma saboda ku ya faɗa. Na ji shi sarai, kuma ba zan mayar ba.